Rigar da Inna Ta Ɗinka wa Mai Rage Wuta

Ku 'ya'yana kun taso kun tarar da wani labari yana yawo a gidanmu, yanzu kuma na ji har jikoki sun fara ɗaukarsa. Duk sanda aka taru a Kusada, da salla ko da suna, sai wani ya ce ai Inna ce ta sa wa injin Baba riga har ya yi zazzaɓi, shi ya sa karatun Malam ba shi da farko. Sai a kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar nan shekara da shekaru, domin ta fi mini sauƙi. To yau gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara bin sahunta, ina so in gyara zancen tun ina da bakin gyarawa. Gaskiya ne kaset ɗin karatun kakanku daga tsakiya suka fara, kuma gaskiya ne an ɗinka riga. Amma ba rigar ce ta cinye farkon karatun ba.

Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam, malamin zaure ne a Kusada, yana kuma noma gero da wake a gonarsa ta hanyar Dudunni. Ni ne ɗan farinsa, ni ne kuma wanda aka ɗauke aka kai boko, har na zama malamin firamare a Kankia. Ku da kuka saba kiran uwarku a waya tana da rai kuna hira kamar ƙawaye ba za ku gane irin kunyar ɗan fari ta wancan zamani ba. Malam bai taɓa kiran sunana ba. Inna kuwa ko kallon ido ba ma yi. In na shigo na durƙusa na gaishe ta, tukunya take amsa wa. In za ta ambace ni sai ta ce “wancan na Kankia”. Duk abin da zai shiga tsakanina da su sai ya bi ta bakin Gwaggo Delu, ƙanwar Malam, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Gwaggo kuwa ba ta kai saƙo yadda aka ba ta shi, sai ta barbaɗa masa nata barkono.

A shekarun nan ne kuɗin mai suka shigo ƙasa. Kowane ma'aikaci ya sayi rediyo, mai ɗan ƙarfi ya ɗora da babur, ni kuma na kamu da ciwon buɗe cikin rediyo in ga me ke magana. Ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Wani tsohon soja da ke gyara a bakin tasha ya nuna mini yadda ake liƙa waya da dalma, ya kuma bar mini tsohuwar mitarsa ta awon wuta mai allura. Wutar lantarki ba ta iso unguwarmu ba, don haka a garwashi nake ɗora ƙarfen liƙi. Uwarku Rabi ta sha faɗa da ni a kan murhu, ita tana son ɗora tuwo, ni ina son narka dalma.

Malam yana da wani littafin fikihu da ya ɗauko fassararsa da baki daga malaminsa, shi ma daga nasa malamin. Larabcin yana rubuce, ko'ina za ka same shi, amma Hausar, da misalan da ake kawowa na rijiya da gona da awon hatsi, ba ta cikin takarda, tana cikin kan Malam kaɗai. Manyan ɗalibansa da ya kamata su ɗauka duk sun watse, wannan ya tafi Kano masaƙa, wancan ya tafi Kaduna gadi. A bazarar shekarar nan tari ya kama shi, irin wanda ba ya sakin tsoho. Na san ni ban isa in ɗauki karatun ba, boko ta riga ta cinye mini lokacinsa, abin kuma yana ci mini rai. Sai na sayi rikoda, na kai ta Kusada a bayan babur, na roƙi Gwaggo ta yi mini iso.

Ina tsugune a ƙofar zaure na ji ta tana cewa,

“Malam, ɗanka na Kankia ya taho da wani akwati. Wai ka riƙa yi mashi karatu, shi akwatin shi riƙe. Ka ga zamani, mutane sun ƙi zama, sai ƙarhe.”

Malam ya yi tari, sannan ya ce,

“Shi akwatin, yana gyangyaɗi?”

“Wai ba ya yi.”

“To ya hi ɗalibaina. A aje shi.”

Matsalar farko batir ce. Rikodar tana shan manyan batura huɗu, kuma zama biyu take yi ta tsotse su. Kusada ba kullum ake samunsu ba. Sai na yi tunanin batirin mota, wanda zai yi mako biyu kafin in kai shi caji wurin bakanike a Kankia. Amma batirin mota wutarsa sha biyu ce, rikoda kuwa shida take so, in ka haɗa su kai tsaye hayaƙi za ka gani. Dole a sa wani abu a tsakani da zai rage wutar ya kuma tsayar da ita cak a kan shida. Masu gyara suna ce masa ragileta, gidanmu kuwa Gwaggo ta raɗa masa suna mai rage wuta, sunan ya bi shi har yau.

Na je Kano na sayo zuciyar abin, wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku wanda bai kai ƙwayar dabino ba. Na samo ɗan katako kamar tafin hannu biyu, na kafa masa ƙananan ƙusoshi, na jera kondensa biyu da na ciro daga matacciyar rediyo, na bi su da waya ina liƙawa. Tsohon sojan ya gargaɗe ni cewa mai ƙafa ukun nan duk wutar da ya rage zafi take komawa a jikinsa, in kuma zafin ya yi masa yawa sai ya janye wutar da kansa don kada ya ƙone. Saboda haka sai an ɗaura masa faffaɗan ƙarfe da zai riƙa kwashe zafin yana ba iska. Na duba gida kaf ban ga abin da ya dace ba sai murfin kwanon silba na uwarku. Na yanka shi da almakashin maƙera tana gidan suna. Da ta dawo ta ɗaga kwanon ta kalle ni.

“Malam Lawal, ina murhin kwanona?”

“Ya tahi karatu Kusada,” na ce mata.

Kwana biyu ba ta sa mini man shanu a miya ba, kuma har ta rasu kwanon nan da faifai ake rufe shi.

Ranar da na ɗora mita a kansa allura ta tashi ta tsaya a kan shida ba ta ko motsi, na ji kamar an ba ni sarauta. Na bar shi yana aiki awa guda a kan tebur, allura ba ta gusa ba. Ran Asabar na kai shi Kusada, na haɗa komai a zauren Malam, na nuna wa Gwaggo maɓallai biyun da za ta danna tare in Malam ya zauna bayan la'asar. Na bar mata kaset, na koma bakin aikina ina jin kaina.

Asabar ta zagayo na dawo. Gwaggo ta fito mini da kayan tsakar gida, na kunna kaset na farko, Malam yana jinmu daga zaure, Inna tana bakin murhu ta ba mu baya. Muryar Malam ta fito tas, mai nauyi, a hankali, yadda muka san ta. Gwaggo ta riƙe haɓa tana salati. Amma da aka ɗan jima sai muryar ta fara sirancewa tana sauri, tana ƙara sauri, har ta koma kamar ta ɗan yaye. Daga zaure Malam ya ɗaga murya.

“Delu, wane yaro ne wanga ke karatu kamar an biyo shi da bulala?”

Gwaggo ta faɗi tana dariya har da hawaye. Ni kuwa na kashe rikodar. Na gane abin da ya faru: wuta ta ragu ana cikin ɗauka, zaren kaset ya riƙa tafiya a hankali, shi ya sa da aka saurare shi da cikakkiyar wuta murya ta ruga. Abin da ban gane ba shi ne dalilin raguwar wutar.

Mako uku na yi ina farautar laifin nan. Na ɗauke katakon na kai Kankia, na sake liƙa kowace waya. Na canza kondensa. Na zargi batir, bakanike ya gwada ya ce lafiyarsa lau. Na buɗe rikodar na wanke robar da ke juya kaset. Kowane gwaji a kan teburina allura tana kan shida kamar an kafa ta da ƙusa, amma da na mayar Kusada na juya baya, sai ɗan yayen nan ya dawo. Har Gwaggo na tuhuma da danna abin da ban ce ta danna ba, ta ce in na ƙara za ta danna ni. Malam kuwa bai tsaya jirana ba. Na aika a roƙe shi ya dakata har in gano matsalar, ya aiko da amsa cewa mai tari ba ya ajiye karatun yau sai gobe. Haka babin tsarki ya wuce, babin salla ya bi shi, kaset biyar suka cika da muryar da ba mai iya saurare. Ina kwana ina tashi da abin a raina, ga tarin Malam kullum ƙara zurfi yake.

Wata Laraba aka tashe mu daga makaranta da wuri, na hau babur ban gaya wa kowa ba. Na isa Kusada ana tsakiyar karatu. Na tuɓe takalmi na leƙa zaure. Ga Malam a kan buzu, ga rikoda tana juyawa, ga batir, amma ban ga katakona ba. A wurinsa akwai wani ɗan ƙunshi a kan matashi, an yi masa riga da saƙi mai kauri, an cusa auduga a ciki, an ɗaure bakin da jan zare, wayoyi biyu kawai suka leƙo. Na lallaɓa na zura yatsa ciki. Murfin kwanon Rabi ya ƙone ni har sai da na yi ƙara, Malam ya tsaya da karatu.

Na fito tsakar gida da abin a hannu, raina a ɓace. Gwaggo ta biyo ni.

“Wa ya yi wanga aiki?” na tambaye ta.

“Innarka ta ɗinka. Kwana biyu tana yi. Abin da ke ɗauke da karatu ai ba a barin shi tsirara a ƙasa kamar tsinken tsire. Ko littahi gafaka gare shi.”

“To mi ya sa ban taɓa ganin ta ba?”

“In ka taho tana cirewa ta ɓoye. Kai ma ka san dalili.”

Na san dalili, amma fushi ya rufe mini ido. Inna tana nan bakin turmi, taki biyar tsakaninmu, ta ba ni baya. Na dubi Gwaggo na faɗi maganar da na san ba Gwaggo za ta soka ba.

“Mako ukku ina wahala ashe jahilci ne ke cin karatun. A hwaɗa ma mutanen gidan ga, abin da ba su sani ba su bar taɓa shi.”

Gwaggo ta juya ta dubi Inna. Inna ba ta juyo ba. Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka, sai dai dakan ba ya faɗawa daidai. Na yar da rigar a kan tabarma na koma zaure. Daga ranar wuta ta tsaya a kan shida, muryar Malam ta fito yadda Allah ya yi ta, Inna kuma ba ta ƙara taka ƙofar zauren ba in ana karatu.

To ga inda nawa laifin yake, ku buɗe kunne. Damina ta sauka sosai, hanya ta lalace, kaset ɗin da na tanada suka ƙare, zuwa Kano kuma sai an yi hutu. Malam yana tsakiyar babin azumi. Na dubi lalatattun kaset ɗin nan na ce me za a yi da su? Duk sanda na gan su kunyar ranar farko nake tunawa, da dariyar Gwaggo. Na ce a ɗora sabon karatu a kansu, in Malam ya kai ƙarshe sai a roƙe shi ya maimaita farko. Gwaggo ta ce,

“Lawal, ka bar su mana. Ko ba daɗi ai muryarshi ce.”

“Muryar aljanu dai,” na ce.

Da babban yatsana na danna na shafe huɗu. Na biyar na neme shi sama da ƙasa ban gani ba, na ɗauka ɓera ya ja shi rami. Malam ya kai ƙarshen littafi ana gab da yankan gero, ya yi addu'a, ya ce wa Gwaggo ta gaya wa na Kankia in Allah ya kai mu bayan kaka sai a koma farko. Ba a gama ɗaurin dammuna ba muka kai shi makwancinsa.

Inna ta yi shekara tara a bayansa. Ina zuwa, ina durƙusawa, tana amsa wa tukunya, kamar yadda muka saba. Ban taɓa ba ta haƙuri ba. Na riƙa gaya wa kaina ai kunya ce ta hana, ɗan fari ba ya irin wannan magana da uwarsa. Ƙarya nake yi wa kaina; kunyar ba ta hana ni faɗin baƙar maganar ba. A tsakanin nan ne labarin riga ya zama abin dariya a gida, ita ma in ana yi sai ta yi murmushi ta tashi ta shiga ɗaki.

Bayan rasuwarta mata suna fitar da kayanta, Gwaggo, ta tsufa tukuf lokacin, ta kira ni ta miƙo mini wani abu daga ƙasan adudu. Rigar nan ce ta saƙi, jan zarenta bai ko kwance ba. A cikinta ga kaset na biyar.

Na kawo shi Kankia na ajiye, na yi kwanaki ina kewaya shi. Rannan da hantsi ina zaune sai wani tunani ya faɗo mini, mai sauƙi har ya ba ni haushi. In ƙarancin wuta ne ya sa aka ɗauki muryar a hankali, ai sai a saurare ta da ƙarancin wuta. Na ciro tsohon katakona, na ƙara masa maɓallin murɗawa na wata rediyo, yadda zan iya sauke wutar ƙasa da shida da hannuna. Aikin bai ɗauke ni awa guda ba. Na sa kaset. Da murya ta fara gudu sai na murɗa kaɗan, ta dawo. Ta sake tashi, na sake murɗawa. Mita ba ta da amfani a nan, kunne ne kawai, sai wanda ya san muryar zai san inda zai tsaya. Ɗan yayen nan ya yi ta girma a ƙarƙashin yatsuna har ya zama mahaifina, yana bayanin sujada, yana tari, kalma ba ta ɓace ko ɗaya ba. Nan na gane huɗun da na shafe lafiyarsu ƙalau. Na dafe kai na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarsa.

Kaset bai ƙare ba. Malam ya shafa fatiha, na ji takun Gwaggo ta fita, ta manta ba ta kashe ba. Sai ga wani taku mara nauyi, da ƙarar kwano ana ajiyewa. Malam ya ce,

“Ke kau kin naɗe abin ga kamar jariri. Ba ya jin zahi?”

Sai muryar Inna, kusa da rikoda ƙwarai, da alama tana gyara wa abin zama.

“Ƙasa na shiga mashi. Malam, ka duba ƙusoshin ga, ɗaya bayan ɗaya ya kahwa su. Ga yatsunshi duk ƙuna, na gani da ya taho. Tun yana ƙarami ban taɓa ɗinka mashi ko hula ba, kar a ce na yi rashin kunya. Wanga dai ba mai cewa komi, tunda na karatu ne.”

Malam ya yi 'yar dariya, tari ya biyo baya.

“To ki bar mashi iska kaɗan.”

“Na bari,” in ji ta. “Ga ƙoha nan wajen waya.”

Daga nan zare ya ƙare.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Abin da kakarku ta yi da allura, awa guda ta ishe ni gyara shi. Abin da na yi da yatsana da bakina, yau shekara nawa ban sami maɓallinsa ba. Kaset ɗin suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakina, ƙanenku ya kwafe su a waya, kowa ya karɓa ya ji kakansa. In kun je kan na biyar ku saurara har ƙarshe, wannan ita ce kaɗai muryar Inna da ta rage a duniya. Katakon ma yana nan, da murfin kwanon uwarku a jikinsa. Ya daina aiki tuntuni, ba ya zafi kuma, don haka na mayar masa da rigarsa. In na mutu kada wanda ya cire masa ita. In kuma an taru a Kusada wani ya ɗauko labarin nan don a yi dariya, ku ce masa Baba ya ce shi ne ya shafe.